DARASI: ADANA NAMAN KAZA DA KAYAN MIYA A KWALBA, DA INDA ZA KA SAMU BAYANIN DA ZA KA AMINCE DA SHI

 

Darasin yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, don magana ce ta rai.

Tun bayan Sallah mutum huɗu suka turo mini bidiyo iri ɗaya. Wata baturiya ce take yanka ɗanyen nama, ta cusa a kwalba, ta barbaɗa gishiri, ta rufe, ta jera kwalaben a babbar tukunya ta tafasa su awa uku, sannan ta ce naman zai shekara ba tare da firji ba. Cikin waɗanda suka turo akwai wata Hajiya da buroila 80 suka yi mata kwantai, kullum suna cin abinci ba mai saye. Tambayarta gajeriya ce: "Malam, in yi?" Na ce mata Hajiya don Allah kada ki yi, ki ba ni kwana biyu in rubuto dalili. To ga shi.

Na san abin da ya sa bidiyon ya shiga ran mutane. Ni ma bara taransifomar unguwarmu ta ƙone, muka yi kwana tara babu wuta, ga figaggun kaji 40 a firiza. Kwana uku na yi ina zuba wa janareta mai, da na buga lissafi na ga man zai cinye kuɗin kajin, sai na karya farashi na sayar da rabi, sauran aka soye aka raba wa dangi. Wannan asarar ce ta sa na zauna na karanta yadda ake adana nama a kwalba. Hanyar gaskiya ce, tana aiki, a Amurka gidaje da yawa suna yi. Amma yadda bidiyon nan ya nuna yana iya kashe gida guda.

ABIN DA AKE TSORO A CIKIN KWALBAR

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum. A ƙasa take zaune, a taɓon kududdufi, a hanjin dabbobi da na kifi. Idan yanayi bai yi mata ba sai ta dunƙule ta koma kamar iri mai tauri, ta kwanta. A wannan halin ba ta cutar da babba, muna haɗiye ta a kayan lambu ba mu sani ba. Matsala tana farawa ne idan irin ya samu wuri mai danshi, babu iska, babu tsami, ga ɗumi. Nan zai farka, ya hayayyafa, ya fitar da guba. Ku sake karanta sharuɗɗan nan ku gaya mini: kwalbar nama a rufe ruf a kan kanta a ɗakin girki a Kano, wanne ne bai cika ba?

Cutar da gubar ke kawowa sunanta botulizim. Yawanci tana bayyana awa 12 zuwa 36 bayan an ci abincin, wani lokaci sai bayan kwanaki. Mutum zai fara ganin abu ɗaya ya zama biyu, fatar ido ta sauko, baki ya bushe, magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara. Daga nan shanyewar jiki ta dinga gangarowa daga sama zuwa ƙasa har ta kai naman da ke jan numfashi. Babu zazzaɓi, kuma hankalin mutum na nan daram, shi ya sa a wajenmu abu ne mai sauƙi a ce shanyewar ɓarin jiki ce ko iska, a ɓata lokaci a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu kamuwa suna rasuwa. Wanda ya tsira ma yana iya yin makonni a kan na'urar numfashi.

Masu kaji, ku kun ma san 'yar uwar wannan cuta. Idan aka bar mushe a cikin keji ko bayan ɗaki har ya yi tsutsa, kaji suka tsattsage tsutsar, sai ka ga wuyan kaza ya saki, ta kwantar da kai a ƙasa ta kasa ɗagawa. Wasu su ce Niyukasul ce, alhali ita Niyukasul murɗe wuya take yi, wannan kuwa wuyan laƙwas yake yi kamar tsumma. Gubar gida ɗaya ce, nau'in ne ya bambanta: na kaji yawanci nau'in C ne, na mutane A da B da E, kuma nau'in E ya fi alaƙa da kifi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gubar ba lallai ta nuna kanta ba. Kwalba tana iya zama murfinta lafiya, ruwan ciki garau, ba wari, ba kumfa, amma akwai guba. Ɗanɗanawa da bakin cokali don a gwada ma ya isa ya kwantar da mutum.

ME YA SA TAFASA AWA UKU BA TA ISA BA?

Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 na ma'aunin selshiyos, ko da itacen duniya ka tura. Ƙara wuta sai dai ya ƙone da sauri. A garuruwa masu tudu ma bai kai 100 ɗin ba, a Jos wajen digiri 96 yake tafasa. Shi kuma irin nan yana jure wannan zafin na sa'o'i. Littafin ma'aikatar gona ta Amurka ya ce in da tafasa kawai za a dogara, abinci marar tsami zai buƙaci awa 7 zuwa 11. Saboda haka awa ukun bidiyo takan kashe ƙananan ƙwayoyin da ke sa abinci wari, ta kori iska, murfi ya kama, sai ta bar babban maƙiyin shi kaɗai a fili ba abokin takara. Ka share masa gona kenan.

Zafin da ake buƙata shi ne digiri 116 zuwa 121, kuma ba a samunsa sai an tsare tururi a tukunyar matsi. Sardin ɗin gwangwani da kuke saya a shago, a irin wannan zafin kamfani ke dafa shi bayan an rufe gwangwanin.

A nan abinci ya kasu biyu, kuma ma'aunin tsami ne ke raba su. Duk abin da tsaminsa ya kai pH 4.6 ko ƙasa da haka, irin ba ya iya farkawa a ciki, tafasa a ruwa ta wadatar. Duk abin da ya haura 4.6 dole sai tukunyar matsi. Kaza, naman sa, rago, kifi, romo, wake, masara, kuɓewa, alayyafo, karas, dankali, kabewa, albasa, tattasai, attarugu, duk suna wannan ɓangare na biyu. Gishirin da baturiyar ta barbaɗa kuwa don ɗanɗano ne kawai, cokali ɗaya ba ya kare komai.

Kada wani ya ce tsoratarwa ce. A 1977 a garin Pontiac na jihar Michigan mutum 59 suka kamu bayan sun ci yaji a wani gidan abinci, wanda aka haɗa da barkonon da aka adana a kwalba ba bisa ƙa'ida ba. A watan Afrilun 2015 a jihar Ohio mutum 29 suka kamu a wajen cin abincin coci, har da rashin rai, kuma da aka bi diddigi dankali ne da aka adana a gida ta hanyar tafasa a ruwa, irin ta bidiyon nan sak. Mu ma nan gida, a Janairun 2018 hukumar NCDC ta binciki wasu 'yan gida ɗaya su uku a Abuja da ake zargin wannan guba ce, biyu suka rasu. Waɗancan na Amurka suna da maganin karya gubar a kusa da gadajen kulawa ta musamman. Ka tambayi kanka tsakanin gidanka da irin wannan gado awa nawa ne.

MARKAƊEN KAYAN MIYA

Wannan ya fi naman kusa da mu, don na san gidaje da yawa suna yi. Lokacin da tumatir ya faɗi a Kwanar Gafan da Kadawa, kwando ya yi araha, sai a sayo a haɗa da tattasai da attarugu da albasa a markaɗa, a tafasa ya yi kauri, a ɗura a kwalbar Bama, a zuba mai a kai, a ajiye a ƙarƙashin gado.

Tumatir shi kaɗai a bakin iyaka yake. Wani tsaminsa ya isa, wani bai isa ba, musamman wanda ya nuna ya wuce misali ko aka tsinka daga mataccen reshe. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a ƙara masa tsami kafin a rufe. A kwalba babba, mai cin kusan lita ɗaya, rabin cokalin shayi na ɗan tsami, ko cokalin cin abinci biyu na ruwan lemon tsami na kamfani. A ƙarama, mai kusan rabin lita, rabin wannan. An ce na kamfani ne saboda tsaminsa a daidaite yake, lemon da ka matse da hannu yau da gobe ba ɗaya ba ne. Shi kuma ɗan tsamin a saye shi a cikin mazubinsa mai suna da lambar NAFDAC. Mutanen Kano ba su manta da 2021 ba, lokacin da jama'a da dama suka kwanta asibiti saboda sinadarin da aka sayar da sunan ɗan tsami aka haɗa abin sha da shi. Wanda ake ƙullawa a farar leda ba suna, ka bar musu kayansu.

Dafaffen tumatir da aka murƙushe, aka sa masa tsami, aka ɗura da zafinsa, a garuruwa irin Kano da Katsina da Zariya ana tafasa ƙaramar kwalba minti 40, babba minti 50, ruwa ya shanye kan murfin da aƙalla inci biyu, kuma ƙirga tana farawa ne daga lokacin da ruwan ya tafasa sosai. A Jos a ƙara minti biyar.

To amma da zarar ka zuba tattasai da albasa lissafin ya rushe, don su ba su da tsami, suna tsarma na tumatir. Akwai wani haɗin ruwan tumatir da kayan lambu a littafin da na ambata, kun san nawa ya yarda a sa? Kofi uku kacal na sauran kayan a kan tumatir kilo 10. Markaɗenmu kuwa wani lokaci tattasai ya fi tumatir yawa don miya ta yi ja. Man da ake zubawa a kai yana hana fumfuna fitowa a sama, sai mai gida ta ga kwalba tsaf ta ji daɗi, alhali toshe iska ya yi, wanda shi ne abin da irin ke nema. Shawarata: tumatir shi kaɗai a kwalba da tsaminsa, tattasai da attarugu a yanka a shanya yadda iyayenmu ke yi, ranar girki a haɗa.

IDAN KANA DA TUKUNYAR DA TA DACE

Tukunyar adanawa daban take da ƙaramar tukunyar firesha da ake dafa wake da ganda. Dole ta iya cin manyan kwalabe aƙalla huɗu a tsaye, tana da faranti mai huji a ƙasa, tana da abin auna matsi. Ƙarama tana saurin zafi tana saurin hucewa, alhali lokacin hawa da na sauka duk suna cikin lissafin da aka gwada. Irin na lantarki masu maɓalli iri-iri ma ba a amince da su ba ga nama. Kwalaben kuma na musamman ne, masu murfi kashi biyu, faifai da zobe, irin waɗanda ake kira da sunan John Mason da ya yi rajistar ƙirarsu a 1858. Faifan sau ɗaya ake amfani da shi. Kwalbar Bama ba don wannan zafin aka yi ta ba, tana iya fashewa, murfinta kuma ba shi da tabbas.

Ga yadda ake kaza. Bayan yanka da gyara sai a sanyaya naman awa 6 zuwa 12, a rage kitse, a yayyanka. Ko dai a jera shi ɗanye sakwa-sakwa ba a zuba ruwa ba, ko a dafa shi ya yi kashi biyu cikin uku na nuna a zuba romo mai zafi a kai. A bar fili inci ɗaya da kwata tsakanin nama da baki, a goge bakin kwalba tas don maiƙo yana hana murfi kamawa, a ɗaura zobe iya ƙarfin yatsu. A zuba ruwa inci biyu zuwa uku a tukunya, a jera, a rufe.

Matakin da mutane suka fi tsallakewa shi ne na gaba. Sai an bar tururi yana fita da ƙarfi ta bututun minti 10 cif kafin a ɗora nauyin. In iska ta saura a ciki, ma'auni zai nuna matsi ya kai amma zafin bai kai ba. Bayan matsi ya kai inda ake so sai a fara ƙirga: kaza marar ƙashi, ƙaramar kwalba minti 75, babba minti 90. Mai ƙashi, 65 da 75. Yankakken naman sa ko rago, 75 da 90. Kifi a ƙaramar kwalba minti 100. Idan gas ya ƙare ko matsi ya sauka ƙasa da ƙa'ida a tsakiyar aiki, ko da a minti na 70 ne, sai a dawo da shi a fara ƙirga daga farko. Ba a yin ciko. Da an gama a kashe wuta a bar tukunya ta huce da kanta, kada a watsa mata ruwa. Kwalaben su kwana awa 12 zuwa 24 ba a taɓa ba, sannan a danna tsakiyar murfi. Wanda ya motsa bai kama ba, a sa a firji a cinye.

Yanzu ga abin da ya shafe mu mu 'yan Arewa, wanda ban taɓa ji a bidiyo ba. Fam 10 na matsi da za ka ji ana ta faɗa, na garuruwan da tudunsu bai wuce ƙafa 1,000 daga teku ba ne, wato wajen mita 300. Legas da Fatakwal kenan. Kano tana kusan mita 480, Katsina ta ɗan haura haka, Zariya ta wuce 600, Jos wajen 1,200. Sakkwato da Maiduguri suna bakin iyakar. Saboda haka mai tukunya irin mai nauyi a ka, a nan fam 15 zai ɗora. Mai irin agogo kuwa fam 11 ne har zuwa mita 600, fam 12 daga nan zuwa wajen 1,200, fam 13 in an haura. Ni in zan saya mai nauyin zan saya, domin agogo yana buƙatar a gwada sahihancinsa duk shekara, a Amurka ofisoshin malaman gona ke yi wa mutane, shi kuwa nauyi ba ya sauyawa.

Sai ajiya. An so kwalabe su zauna a wuri mai sanyi da duhu, digiri 10 zuwa 21, kuma kada su wuce 35, a cinye cikin shekara. Ku tuna yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu. Wanda ba shi da ɗaki mai sanyi ya yi tunani tun kafin ya kashe kuɗi. Ranar ci kuma a juye a tukunya a tafasa sosai, minti 10 da ƙarin minti ɗaya kan kowace ƙafa dubu ta tudu, mu dai mu ce kwata. Ita gubar zafi yana karya ta, irin ne mai taurin kai. Amma wannan kariya ce ta biyu, ba lasisi ba ne na yin aikin farko da ganganci, don ba ka da tabbacin yaro ba zai buɗe ya ɗanɗana ba.

Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko take yoyo, ko ta yi tsartuwa da aka buɗe, kada a ɗanɗana. Kuma don Allah kada a zuba wa kaji, ko kare, ko a watsa a tafkin tarwaɗa, na san halinmu na ƙin asara. In a rufe take a ƙulle a leda mai kauri a binne da zurfi. In ta buɗe, a sa safar hannu a nutsar da ita da abin cikin a ruwa a tafasa minti 30 kafin a zubar, inda ta zuba kuma a jiƙa da Hypo kashi ɗaya ruwa kashi biyar na rabin awa.

WA ZA KA YARDA DA SHI?

Wannan sana'a ta girmi sanin dalilinta. Nicolas Appert na Faransa ya wallafa hanyarsa ta adana abinci a kwalba a 1810, shekaru da dama kafin a gane cewa ƙwayoyin cuta ne ke ɓata abinci. Ita kanta ƙwayar botulizim sai a ƙarshen wannan ƙarnin wani masani ɗan Beljiyam, Emile van Ermengem, ya gano ta. Shi ya sa har yau akwai tsofaffin hanyoyi da ake gada a ƙauyukan Turai da Amurka, su ne ake ɗauka a bidiyo da kiɗa mai daɗi. In ka yi magana a ce "kakata ta shekara 40 tana yi ba abin da ya same ta." Ba ƙarya suka yi ba. Ba kowace kwalba ce ke ɗauke da irin ba, kuma kakar tana iya yiwuwa tana sake dafa naman sosai kafin a ci. Mutum yana iya shekara goma yana kiwo ba rigakafin Gumboro bai ga komai ba, mu dai mun san abin da hakan ke nufi.

Lambobin da na kawo a sama daga wuri biyu suke. Na farko littafin ma'aikatar gona ta Amurka, USDA Complete Guide to Home Canning, bugun 2015, ana sauke shi kyauta. Na biyu cibiyar National Center for Home Food Preservation da ke Jami'ar Jojiya. Abin da ya bambanta su da mai bidiyo shi ne an cusa ma'aunin zafi a cikin kwalba, a wurin da ya fi jinkirin ɗaukar zafi, an auna, kafin a rubuta minti kaza. Da Turanci suke, da ma'aunin fam da inci da Farenhait, to in za ka juya lissafi ka yi a nutse ka rubuta a takarda ka manna a bango.

In ka ga wani bayani a Facebook ko TikTok ko YouTube, ga yadda nake tace shi. Ya faɗi girman kwalba? Ya faɗi matsi da minti? Ya yi maganar tudun gari? Ya faɗi wace jami'a ko hukuma ce ta gwada? In ya rasa ɗaya, na wuce. In kuwa ya ce a sa kwalba a oba, ko a ɗura da zafi a kifa ta a kan murfi, ko a tafasa nama a ruwa kawai, ba na ma ƙarasa kallo. Yawan mabiya ba gwaji ba ne. Manhajojin nan masu amsa tambaya ma, duk lambar da suka ba ka ka je ka duba ta a littafin da idonka.

Ko ingantaccen bayanin ma yana da iyaka: abin da aka gwada kawai ya ƙunsa. Babu miyar kuka a ciki, babu taushe, babu miyar gyaɗa. Abu mai kauri zafi ba ya ratsa tsakiyarsa da wuri, har kabewa ma littafin ya ce a yanka gutsi-gutsi, ya hana a dama ta. Haka ba a sa fulawa ko shinkafa ko taliya ko madara. Kada ka ɗauki mintin kaza ka ce zai yi wa farfesu mai kauri. Wanda kuma yake tunanin sayarwa, wannan wani babi ne, sai da rajistar NAFDAC da kayan aiki na kamfani.

A gida Najeriya, wuraren da suka fi amfanar mu su ne masu aiki a kan hanyoyin da suka dace da yanayinmu: NSPRI mai hedikwata a Ilorin da ofis a Kano, wadda ta ƙera murhun bandar kifi da na'urorin busarwa, da NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da NIFFR a New Bussa ga masu kifi.

LISSAFIN ƊAN KASUWA

Mu ajiye lafiya a gefe mu duba aljihu. Babbar tukunyar gida tana cin manyan kwalabe bakwai, kowace ba ta wuce kilo ɗaya na tsoka ba. Zagaye ɗaya, da ɗumama da fitar da tururi da minti 90 da hucewa, ya kai awa uku. Wato kilo shida zuwa bakwai a awa uku. Kajin Hajiya 80, in kowace ta ba da kilo ɗaya, zagaye goma sha biyu kenan, kwalabe sama da 80, faifan murfi sama da 80 da ba za a sake amfani da su ba, ga gas, kuma tukunyar da kwalaben galibi daga waje ake shigo da su da dala. Naman da ke jiran layi kuma yana buƙatar sanyin da babu shi tun farko. Ga uwar gida mai son ajiye kwalba goma na romo da nama don ranar da ba wuta, abin yana da ma'ana in ta samu kayan. Ga mai gona da kaji suka yi wa kwantai, ban ga riba ba.

Hanyoyinmu na gado ta wata ƙofa suke bi, suna cire ruwan ne, kuma irin nan ba ya farkawa a busasshen abu. Kilishi, dambun nama da aka soya ya bushe ƙarau, bandar kifi, kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa. Su ma suna da nasu sharaɗin. Naman layya da aka soya sama-sama cikinsa da danshi aka nutsar a mai a bokiti mai murfi, ya koma gidan jiya. Masu bandar tarwaɗa da suka fara amfani da injin zuƙe iska daga leda, ku kula sosai: a cire hanji da matsarmama kafin banda, kuma kifin ya bushe har ciki, ya karye in an lanƙwasa. Mai laushi da aka zuƙe wa iska wurinsa firiza. Maganin ƙwari kuma ba ya hawa kan abinci ko da ƙuda sun dame ka.

In Allah Ya kiyaye wani ya ci abin kwalba ya fara ganin biyu-biyu ko haɗiya ta gagare shi, a wuce babban asibiti kai tsaye, a gaya wa likita abin da ya ci da lokacin, a tafi da ragowar a ƙulle, a kuma nemo duk wanda ya ci tare da shi. Maganin karya gubar yana tsayar da ita ne daga ci gaba, ba ya gyara inda ta riga ta taɓa, don haka kowace awa tana da daraja.

Ita Hajiya, jiya ta kira ni. Ta samu mai gidan abinci ya ɗauki 50 a farashin da bai yi mata daɗi ba amma ya tsayar da kuɗin abinci, 20 ta sa an yi mata dambu tana sayarwa a ƙananan robobi, goma kuma suna firizar ƙanwarta mai sola. Darasi na gaba insha Allahu a kan bandar tarwaɗa ne, daga yawan gishirin jiƙo har yadda ake gane ta bushe.